Allura a Cikin Randa

Doka, Kaduna.
Talata, 15 ga Afrilu, 2025.

Zuwa ga mahaifina,

Baba, ina rubuta wannan wasiƙa da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, a kan teburina na ofis. Kowa ya tashi, babu wuta, na buɗe taga. Direban motar Kagoro zai tashi gobe da ƙarfe bakwai, shi ya sa nake so in gama yau. Da na kira ka a waya, amma na san kunnenka ba ya ɗaukar doguwar magana, kuma wannan ba maganar ɗaga murya ba ce.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Mama, da Ruth da yaranta. Yaya ƙafar? Yaya kuke fama da zafi? Ni jikina lafiya lau, hankalina ne ba a kwance ba.

Ka taɓa tambayata ainihin aikin da nake yi a wannan shekarar horo. Bari in fara da shi, domin sai da shi za ka gane sauran. Ƙasa tana da manufar magunguna a rubuce, mun karanta ta a jami'a. Taƙaicenta shi ne maganin da zai kai hannun mara lafiya ya zama ana samunsa, mai kyau ne, kuma yana aiki. Amma takarda ba ta zuwa asibiti da ƙafarta. Saboda haka kowane ƙaramin asibiti yana cike fom, fom ya je ƙaramar hukuma, daga can ya zo jiha, daga jiha ya wuce sama. Mu kuma duk wata uku mukan zagaya mu ga ko abin da ke takarda shi ne abin da ke kan kanta. Mu biyu ne a motarmu. Hajiya Mariya ce shugabata, shekararta goma sha tara a aikin. Ni ne mai riƙe da ma'aunin zafi da biro.

Jiya Litinin mun je asibitoci uku a hanyar Zariya. Na ukun shi ne na ƙanwarka, Gwaggo Deborah, can bayan Rigachikun. Tun a mota na gaya wa Hajiya cewa mai kula da wurin gwaggona ce, kuma a gidanta na yi duk hutun jami'a. Ta ce ba mu da mutum na uku. In auna in rubuta, ita za ta duba ta sa hannu.

Mun isa sha biyu saura minti goma. Gwaggo ta tarbe mu da dariya, tana gaya wa ma'aikatanta cewa ga wanda ta yi wa wanka ya zo duba ko ta iya aiki. Kantarta tsaf, Baba. Babu magani ko ɗaya da wa'adinsa ya wuce. Har Hajiya, wadda ba ta cika yabo ba, ta ce madalla.

Sai muka zo kan firiji. Akwai wata allura, oksitosin, da ake yi wa mace da zarar ta haihu, don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. A jikin kwalin irin wadda suke da ita an rubuta a ajiye ta tsakanin digiri biyu da takwas. Zafi yana cin ƙarfinta a hankali, kuma ido ba ya gani, ruwan yana nan garau. Shi ya sa ake manna takarda a jikin firiji, a auna safe da yamma a rubuta.

Abu na farko da na gani shi ne an cike takardar har zuwa yammacin Alhamis, alhali muna ranar Litinin. A kowane gurbi an rubuta digiri biyar. Na ɗaga ta Maris, biyar. Ta Fabrairu, biyar. Na buɗe firijin, babu sanyi, babu allura, sai rajista guda biyu da aka ɓoye wa ɓeraye. Wata ma'aikaciya ta ce taransifomar unguwar ta ƙone tun ranar tara ga Fabrairu.

Gwaggo ba ta nuna tsoro ba. Ta ce mu biyo ta. A lungun bayan ɗakin haihuwa akwai randa, an binne rabinta cikin jiƙaƙƙen yashi, an rufe da faifai, irin yadda Kaka take yi a gida. Ta ja wani zare ta fito da roba mai murfi daga cikin ruwan. Kwalaben allura talatin da huɗu ne a ciki. Ta ce in sa hannu in ji. Na sa, kuma gaskiya ruwan da sanyi a hannu. Na tsoma ma'auni, ya nuna ashirin da bakwai. Na jira minti goma na sake, ashirin da bakwai. Na uku, ashirin da shida da rabi. Daga tara ga Fabrairu zuwa jiya kwana sittin da huɗu ne.

Hajiya ta ɗebi goma don a kai ɗakin gwaji, ta liƙe sauran ta sa hannu a kai. Sai a lokacin fuskar Gwaggo ta canza. Ta tambaya in mace ta zo yau da jini da me za ta tsayar. Hajiya ta kira babban siton magunguna aka yi alkawarin kawo wata ƙwaya da ke yin aikin ba tare da buƙatar sanyi ba. Na kira da safen nan na tabbatar, an kai.

Ranar Laraba ta sama, bayan Ista, zan miƙa rahoto. A fom ɗin akwai tambaya: shin takardun wurin sun dace da abin da aka gani? Ƙarya a takardar aiki laifi ne da ake kora a kansa. Ka kuma san a Nuwamba Gwaggo za ta cika shekara talatin da biyar a aiki ta yi ritaya.

Ina roƙonka kada ka neme ta tukuna, kada kuma ka gaya wa Mama. Ka sa ni cikin addu'a. A gaishe da Fasto da mutanen gida duka.

Ɗanka mai biyayya,
Ezra.

Doka, Kaduna.
Litinin, 21 ga Afrilu, 2025.

Baba,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji wanda ya tashi. Yaya aka yi biki? Ina fata an yi sujada lafiya, kuma ƙafar ta bar ka ka je da kanka. Yau hutu ne, ina ɗakina, ƙarfe goma na safe. Ban rubuta rahoton ba har yanzu.

Zan ba ka abubuwa yadda suka biyo juna.

Ranar Alhamis ina neman wata takarda a ofis na ci karo da jerin asibitocin da aka raba wa firiji mai sola a watan Maris. Guda takwas aka kawo, masu nema sun fi talatin. Na tambayi yadda aka zaɓa. Aka ce da takardun firiji aka yi aiki: inda takarda ta nuna zafi yana hawa, nan aka kai. Sunan asibitin Gwaggo yana cikin jerin farko, an ja masa layi, a gefe an rubuta cewa firijinsu lafiya. Baba, biyar ɗin da take rubutawa ita ta hana ta firijin. Na daɗe zaune da takardar a hannu.

Da na nuna wa Hajiya, ta ce ba sabon abu ba ne. Ta kuma ce ba za ta gaya mini abin da zan rubuta ba, amma akwai hanyar da wasu ke bi. A rubuta cewa firiji ya lalace, an kwashe allura, an kawo ƙwaya. Duk gaskiya ne. Maganar takarda sai a tsallake ta. Ta ce idan na kawo haka za ta sa hannu, idan na kawo cikakke ma za ta sa. Ban san ko gwada ni take yi ba, ko tausayina take ji.

Jiya bayan sujada na je Kinkinau, gidan Gwaggo. Na yi ta shawara ko in je, domin ban tabbata ya dace mai rubuta rahoto ya ci abinci a gidan wadda rahoton ya shafa ba. Amma ban taɓa yin Ista a Kaduna ban je ba, kuma rashin zuwana ma magana ce. Ta zuba mini shinkafa da kaza kamar kullum, ta ce na rame, aikin gwamnati bai karɓe ni ba. Sai da baƙi suka watse ta kira ni ɗaki.

Ba ta roƙe ni komai ba, ina so ka san wannan. Bayani ta yi. Ta ce shekara uku da suka wuce wata abokiyar aikinta a wani asibiti ta rubuta gaskiyar abin da firijinta ke nunawa. Aka ba ta takardar tuhuma, aka kwashe allurar, kuma wata huɗu ba a kawo wata ba. A cikin watannin nan matar da hannu kawai take murza cikin masu jego tana addu'a. Gwaggo ta ce tun ranar ta yi alkawari ba za a bar ta hannu wofi gaban mace mai zubar da jini ba. Ta nuna mini kwafin wasiƙu biyu da ta rubuta wa ƙaramar hukuma kan wutar, ɗaya ranar sha biyu ga Fabrairu, ɗaya ranar uku ga Maris. Babu amsa. Ta ce fom ɗin ba shi da gurbin da za a rubuta babu wuta, lamba kawai yake so, kuma idan gurbi ya zauna fanko ana mayar da takardar. Game da randa kuwa, ta ce ta ɗauka sanyi sanyi ne. Kowace safiya da kanta take jiƙa yashin kafin ta duba mara lafiya ko ɗaya.

Na gaya mata maganar firiji mai sola. Ta ce in sake faɗi. Na sake.

Daga nan ta ba ni labarin da ban sani ba. Ranar sha ɗaya ga Maris wata mata mai suna Sa'adiya, matar wani kafinta, ta haihu a hannunta da tsakar rana. Haihuwarta ta huɗu, duka a hannun Gwaggo. Jini ya ɓalle. Ta yi mata allura daga cikin robar, bai tsaya ba, ta ƙara. Suka sa ta a Keke mai ƙafa uku zuwa babban asibiti, Gwaggo na riƙe da ita. Kafin su kai Kawo ta cika. Jaririyar tana nan a hannun kakarta.

Ta dube ni ta ce, "Ezra, kai ne ka yi karatun. Randata ce ta kashe ta?"

Baba, na fara jero mata abin da na sani. Cewa jini kan ɓalle saboda dalilai da yawa, cewa ko allura mai cikakken ƙarfi wani lokaci ba ta tsayar da shi, cewa allurar takan jure ɗan zafi na wani lokaci, cewa a ranar kwana talatin kawai ta yi a randa. Ta ɗaga hannu ta ce ba lacca ta tambaye ni ba. Na ce ban sani ba. Ita ce kaɗai amsar gaskiya da nake da ita, kuma na ga ba ta yi mata amfanin komai ba.

Da zan tafi, 'yarta Rebecca ta raka ni bakin titi. Ta ce ba ta san me ke faruwa ba, amma mako guda ke nan uwarta ba ta cin abinci, kuma in tuna tuwon gidan nan na ci shekara biyar. Na yi mata sallama na tafi.

Ga inda na tsaya. Idan na tsallake maganar takarda, Gwaggo za ta yi ritayarta lafiya. Amma ofis zai ci gaba da yarda da kowace takarda mai biyar-biyar, kuma da su za a sake raba firiji. Ban san randa nawa ke bayan takardun nan ba. Idan na rubuta, na san hannun da ya goya ni nake miƙawa. Na rubuta shafin farko sau huɗu na yaga.

Amsarka ba za ta iso kafin Laraba ba, na sani. Duk da haka ka rubuto. A gaishe da Mama, a ce mata na sami dawadawar.

Ɗanka,
Ezra.

Doka, Kaduna.
Laraba, 11 ga Yuni, 2025.

Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya Mama, yaya Ruth da yara? Na ji damina ta zauna sosai a wajenku, Allah ya sa albarka a shuka. Ka gafarce ni, mako bakwai ban rubuto ba. Ban so in aiko maka da rabin labari ba.

Wasiƙarka ta same ni ranar ashirin da takwas ga Afrilu. Na lura ba ka ce in yi kaza ko kada in yi ba. Ka ce Deborah ƙanwarka ce, ni ɗanka ne, kuma idan komai ya lafa in ware maka abin da na sani daga abin da ban sani ba, kada in gauraya. Zan yi haka.

Na miƙa rahoton ranar ashirin da uku ga Afrilu, ƙarfe tara da kwata. Na rubuta duka. Na rubuta cewa an cike takarda har kwana uku gaba, na rubuta randa da abin da ma'auni ya nuna sau uku. Na haɗa kwafin wasiƙunta biyu, da jerin firiji mai sola inda aka ja wa sunan asibitin layi. Na kuma rubuta cewa fom ɗin ba shi da gurbin rashin wuta, na ba da shawarar a ƙara. A ƙasa na rubuta dangantakata da ita. Hajiya ta karanta sau biyu, ta sa hannu.

Sakamakon gwaji ya zo ranar ashirin da takwas ga Mayu. Ƙa'ida ita ce ƙarfin allurar kada ya gaza kashi casa'in cikin ɗari. Kwalaben goma sun nuna kashi saba'in da takwas a tsakaice.

Hajiya ta sa mun fito da duk asibitocin da takardar firijinsu ba ta taɓa motsawa daga lamba ɗaya ba. Goma sha ɗaya ne. Mun je biyar zuwa yanzu, ba tare da sanarwa ba. A biyu firiji a mace yake. A ɗaya cikin kular sayar da zoɓo muka sami allurar, ƙanƙarar ta narke tun safe.

Kwamiti ya zauna ranar huɗu ga Yuni. An kira ni in tabbatar da abin da na auna. Gwaggo ta zo cikin fararen kayan aikinta, an goge su sosai. Ba ta musa komai ba. Da aka tambaye ta ko ta san wasu da ke yin haka, ta ce hannunta kawai ta zo ba da amsa a kansa. Ita da kanta ta kawo maganar Sa'adiya, wadda ba ta cikin rahotona, domin ba ni na gani ba. 

Ba a kore ta ba. Wasiƙun nan biyu sun taimaka. Za ta yi ritayarta a Nuwamba kamar yadda aka tsara. Amma an cire ta daga shugabancin asibitin, kuma ba za ta ƙara karɓar haihuwa ba. An ba ta tebur a ofishin ƙaramar hukuma tana jera fayil. Ka fi ni sanin abin da wannan yake nufi a gare ta. Rabin matan da ke zuwa awo a wurin a hannunta aka haife su.

Bayan an tashi na same ta a bakin ƙofa tana jiran Keke, ana ɗan yayyafi. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa. Na fara ba ta haƙuri, ta tare ni.

Ta ce, "Da ka rubuta rabi, da na raina karatunka. Amma kada ka zo gidana tukuna. Ba fushi nake yi ba. In na gan ka, randar nake gani."

Na ce to, Gwaggo. Keke ya zo ta shiga. Ban je ba, kuma ba zan je ba sai ta aiko. Idan ƙafarka ta yarda, ka zo ka gan ta. Kai za ta iya kallo.

Ka gaishe da Mama. Yanzu kana iya gaya mata komai, amma a hankali. Ka gaishe da Fasto da maƙwabta. Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar mu tare.

Ɗanka mai ƙaunarka,
Ezra.

Abin da na sani na rubuta shi a sama. Ga abin da ban sani ba:

Ɗaya. Ko allurar ta iso asibitin da cikakken ƙarfinta tun farko. Ba a gwada ta a sito ba, kuma irinta ta ƙare a can.

Biyu. Ranar da firiji mai sola zai iso. An mayar da sunan asibitin cikin jeri, shi ne na uku, amma babu wanda ya ba ni rana.

Uku. Ko za a ƙara gurbin rashin wuta a fom. Shawarar ta wuce sama, ban san teburin da take kai ba.

Huɗu. Abin da za mu tarar a asibitoci shidan da suka rage, da kuma ko ma'aikatan da suka ji abin da ya sami Gwaggo za su fara rubuta gaskiya ne, ko za su koyi canza lamba kawai.

Biyar. Mata nawa aka yi wa allura daga robar nan cikin kwana sittin da huɗu. Rajista ta nuna haihuwa arba'in da ɗaya, amma ba ta nuna wace kwalba aka fasa wa wa ba.

Shida. Ko mijin Sa'adiya ya san da maganar randa, da kuma wanda ya kamata ya gaya masa.

Bakwai. Ƙarfin da ya rage a kwalabe biyun da aka yi wa Sa'adiya ranar sha ɗaya ga Maris. An jefar da su a ranar. Babu ɗakin gwajin da zai iya amsa tambayar Gwaggo, kuma ni za ta ci gaba da kallo a kanta.